Sarbati, Mai Fitilar Gefen Goɗiya

Duk angon da ya hau farar goɗiya a kudancin birnin Kanpur cikin shekarun nan, da wuya in ba Sarbati ce ta haska masa hanya zuwa gidan amarya ba, kuma na rantse da ruwan kogin Ganga mai tsarki babu ɗaya cikinsu da zai iya nuna ta a kasuwa. Ni zan iya. Sunana Rajjo, ni ce a bayanta a layi tun haƙorana suna cike.

Aikinmu ɗaukar fitilun rakiyar ango ne. Maigidanmu Lallan ke da fitilun, shi ke da 'yan badujala, shi ke da janaretan da ake turawa a kura a can baya, mu kuwa kai da wuya kawai muke kawowa. Fitilar hasumiya ce ta gilasai da duwatsun ado a kan gindin ƙarfe, nauyinta ya kai na tulu cike da ruwa. Ki ɗora gammo, a ɗora miki ita, ki riƙe da hannu biyu, shi ke nan kin zama ginshiƙi. Waya ɗaya ce ta taso daga janareta ta bi ta kan kowace mace zuwa ta gabanta, layi biyu, hagu da dama. Lallan yana kiranmu tsintsiya maɗaurinki ɗaya, yana dariya, domin shi ba a cikin ɗaurin yake ba. Ba ki da ikon sosa hanci, ba ki da ikon kauce wa kashin shanu, in kika ja baya kuma kika tsinke wayar, duk waɗanda ke gabanki sun shiga duhu. Tafiyar da mutum zai yi kafin shayinsa ya huce, mu sai mu kwashe rabin yamma a kanta, saboda 'yan'uwan ango sun sha sun ƙoshi, kowane taku sai sun tsaya sun yi rawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wuri mafi wuya shi ne gefen goɗiya. Dabba ce, ga kiɗa a kunnenta, ga wasan wuta yana fashewa a ƙarƙashinta, tana iya zabura kowane lokaci. Kuma wurin yana kusa da tushen wayar, in mai shi ta yi tuntuɓe layin gaba ɗaya ya mutu. Sarbati aka ba wurin tun tana da ƙuruciya, ba ta taɓa kashe layi ba. Tsakiyar kanta ta yi sanƙo inda gammo ke zama, wuyanta ya ɗan karkata hagu, ko ba ta ɗauke da komai haka take tafiya.

Mijinta Mangru shi ke tura kurar janareta. Wata rana aka yi ruwa ana tsakiyar rakiya, ya kai hannu zai gyara wayar da ta saɓule, wuta ta riƙe shi har ya daina motsi. Masu rawa ba su ma sani ba. An ja shi gefe, an sa wani ya karɓi kurar, Sarbati kuwa ta kai ango har ƙofar amarya kafin a sauke mata fitila a gaya mata. Bayan an ƙona gawar ta fasa awarwaronta, ta goge jan garin da matan aure ke sawa a tsagar kai. Sati bai zagayo ba Lallan ya kira ta ya ce babu mai biki da zai yarda macen da mijinta ya mutu ta tsaya kusa da angonsa. Tun daga ranar, in za mu fita aiki sai ta shafa jan garin ta sa awarwaron roba, in mun dawo ta wanke. Ta fi shekara ashirin tana zama matar aure da yamma.

Ɗa ɗaya ya bar mata, Girdhari. Yayan mijinta, Badri, mai shagon kayan keke, 'ya'ya mata kawai Ubangiji ya ba shi, sai ya zo ya ce a ba shi yaron ya sa shi makaranta. Na ce mata kada ta bayar. Ta ce, "Rajjo, so kike ya gaji kurar ubansa?" Ta wanke shi ta shafa masa mai ta kai shi da hannunta. Yaron ya yi karatu, ba a hana shi wannan ba, har ya samu kujera a wani ofishin gwamnati, ya fara sa takalmi mai igiya. Da farko yana zuwa lungunmu duk sati, daga baya sai lokacin bikin fitilu na shekara shekara kawai, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. In ta miƙa masa gurasa sai ya ce ya ƙoshi. Ba ya son kallon tsakiyar kanta, in gefen sarinta, wato dogon zanen da muke ɗaurawa mu yafa har ka, ya zame sai ya ce, "Inna, rufe kanki mana." Ni ban taɓa son yaron nan ba tun da ya yi gemu, kuma ban ɓoye mata ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Sarbati ba ta da dogon buri. Ba ta taɓa cewa ya gina mata ɗaki ba, ba ta ce ya raba ta da fitila ba. Abu ɗaya take jira, rijiya. A ƙarshen lungunmu akwai tsohuwar rijiya, tun da aka kawo famfo ba a jan ruwanta, an bar ta ne saboda bukukuwa. Ranar da ango zai hau goɗiya, kafin ya tafi, uwarsa takan zauna a bakin rijiyar ta zura ƙafafu ciki, ta ce tunda ya samu mata ita ba ta da sauran amfani, bari ta faɗa. Shi kuma, da rawaninsa da takobinsa, ya kama hannunta a gaban mutane ya ce, "Inna, fito, mai yi miki hidima zan je in kawo miki." Ya sa mata alewa a baki, mata su yi waƙa, sannan ya hau. Daga nan uwa takan koma gida, domin a wurinmu uwar ango ba ta bin rakiya. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma ban taɓa ganin uwar da ta tashi daga wurin da busassun idanu ba.

Sarbati ta haddace nata tun Girdhari yana aji uku. In muna zaune a ƙofar masu biki muna jiran a miƙo mana ragowar abinci, sai ta fara. "Ni ba zan fito da roƙo ɗaya ba, Rajjo. Sai ya maimaita. Sai na ga gumi a goshinsa." Ta sayi sari ruwan ɗorawa ta ajiye a ƙasan akwati da ganyen darbejiya saboda asu. Duk angon da muka raka, a ranta tana gwada Girdhari a kan sirdin.

Labarin auren ba daga bakinsa ta fara ji ba, daga bakin Lallan ne. Badri ya je ya kama badujala da fitilu, domin duk yankin babu mai arahar Lallan, ya kuma kafa sharaɗi: kada a zo da Sarbati. Lallan ya faɗa mata yana sakace. Ta ce ai daidai ne, ina uwar ango ina bin rakiya, ta dawo gida ta fito da sarin ta shanya.

Saura 'yan kwanaki biki Girdhari ya zo da kwalin alewa. Ina tsakar gidan ina tsintar shinkafa, ban tashi ba, shi ma bai gaishe ni ba.

Ya ce, "Inna, surukaina manyan mutane ne, yadi suke sayarwa a babbar kasuwa. Baffa ya gaya musu kina ƙauye, ciwon ƙafa ya hana ki tafiya. Kada ki ɓata mana tsari."

Ta ce, "To. Ni ina ruwana da surukai. Rijiyar fa, da wane lokaci za ka zo?"

Ya ce, "Matar Baffa ce za ta zauna. Ke ma kin sani, wadda mijinta ya mutu ba ta shiga gaba a sha'anin alheri."

Ta ce, "Maƙwabciyarmu Uwar Bablu mijinta ya mutu, bara ta zauna, har kai kana wurin. Matar Baffanka ce ta yi naƙudarka?"

Ya dubi agogonsa, ya dubi ƙofa, ya ce, "To, bari dai mu gani."

Yana fita ta juyo da fuska kamar an ba ta kyautar saniya. Na ce, "Yaya, wannan fa ba alkawari ba ne, hanyar fita ya nema." Ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta buɗe kwalin ta bi gida gida tana rabon alewa.

Ranar ta faɗo a kan irin ranakun da masu duba taurari suka ce babu kamarsu, duk garin aure ake yi, har goɗiyoyi sun yi ƙaranci. Tun rana tana tsaka Sarbati ta yi wanka ta ɗaura sarinta ruwan ɗorawa, ta je ta zauna a bakin rijiya ta zura ƙafafu. Matan lungu suka taru da ƙaramar ganga don su yi mata waƙa. Suka yi ta farko, suka yi ta biyu, suka ƙare duk waɗanda suka sani. Masu girki a wuta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da inuwa ta juya sai yara suka maye gurbinsu, wani shaiɗani a cikinsu yana cewa, "Goggo, ki faɗa mana mu gani." Uwar Bablu ta kore su da tsintsiya, amma ita ma tana rufe baki da gefen sari.

Can sai mai kai madara ya wuce da kekensa, ya ce daga unguwar Badri yake, an gama tun ɗazu. Gidan Badri babu rijiya, sai suka cika bokitin roba da ruwan famfo, matarsa Sushila ta zauna a kujera ta tsoma ƙafa ɗaya, Girdhari ya kama hannunta ya kira ta Inna, mai hoto ya ɗauka.

Na ce, "Yaya, taso. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Ta ce, "Hanya ce ta cushe, Rajjo. Kin san yadda gari yake yau."

Ƙafafunta sun kumbura, ta kafe da hannu biyu a kan dutsen, ni kuwa tsoro ya kama ni, domin na ga ta daina kallon bakin lungu ta koma kallon ƙasan ruwan. Ban san yadda za mu ƙare ba da motar Lallan ba ta tsaya a bakin lungu ba. Rakiya uku ya karɓa a yammar, mata sun gudu wurin masu biya da tsoka, layin Badri babu cikakkun kawuna. Ya leƙo ya ga Sarbati.

Ya ce, "In kin gama shan iska, ga fitila tana jira. Ki rufe fuska kawai. Ni kai nake nema, ba ruwana da na uwar wane ne."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga ta zaro ƙafafunta da kanta. Ta shiga ɗaki ta shafa jan gari a tsagar kai, ta sa awarwaron roba, ba ta canza sarin ba. A mota ta ce mini a hankali, "Ba zan yi magana ba. In gan shi a kan goɗiya kawai, in kai shi ƙofa." Na ce mata wannan ba dabara ba ce. Ta ce ta haska wa 'ya'yan mutane hanya har kanta ya yi sanƙo, ba za ta bari nata ɗan a ba wata ta riƙe masa ba.

Rana ta faɗi muka jeru a ƙofar Badri. Ta ja lulluɓi har haɓa ta karɓi wurinta a dama da goɗiya, ni a bayanta. Aka fito da Girdhari cikin doguwar riga mai zaren zinariya, rawani ja, takobi a kugu, labulen furanni ya sauko daga rawanin ya rufe masa fuska ruf. Ƙannensa 'ya'yan Badri suka ba goɗiya wake jiƙaƙƙe a tafin hannu, aka tayar da janareta, badujala ta ɗauka.

Ban taɓa ganin Sarbati ta yi aiki kamar na yammar nan ba. Wasan wuta ya fashe kusa da ƙafarta, ba ta ko girgiza ba. Wani abokin ango da ya sha ya yi tatil ya zo yana rawa a gabanta, ya lanƙwasa takardar kuɗi ta rupi ya cusa mata a tsakanin yatsu yana cewa, "Tsohuwa, ɗan karkaɗa mana kugu." Ta tsaya kamar an dasa ta. Ƙafar ɗanta a cikin likkafa tana gogar kafaɗarta in goɗiya ta matso, ina ganin yadda take ɗan jinkirta taku don ta sake gogarta. Fuskarsa kuwa ba ta gani, furanni sun rufe.

Mun kusa kwanar gidan amarya, ana hango tutocin ƙofa, sai goɗiya ta kaɗa kai, jelar adon linzaminta ta kama gefen sarin Sarbati ta fizge. Lulluɓin ya zame ya faɗa kafaɗa. Hannayenta biyu suna kan fitila, in ta saki ɗaya hasumiyar ta kife, in ta kife layin ya mutu a gaban surukai. Ni ma hannayena a sama suke. Haka ta ci gaba da tafiya da fuska a buɗe, ga wuyan nan a karkace, ga jan gari a kan macen da duk dangin suka san mijinta ya mutu.

Daidai lokacin zafi ya ishi ango, ya sa yatsu ya ɗage furannin don ya sha iska. Ya sauke ido ya gan ta. Ita ma ta ɗaga ido iya inda nauyi ya bar ta, ta yi masa murmushi, ba ta ce komai ba kamar yadda ta yi alkawari. Na ƙiyasta a raina cewa ko kunya ce za ta sa ya kawar da kai ya yi shiru a wuce. Da ya yi hakan ma da na yafe masa rabi.

Sai ya ɗaga hannu ya yafito Lallan.

Ya ce, "Wannan tsohuwar, fitilarta tana kashe mini ido. Cire ta."

Lallan ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙofa can, saura ƙiris. In na cire ta layi zai ɗauke."

Ya ce, "Na ce ka cire ta." Ya saki furannin suka koma suka rufe fuskar.

Lallan ya zo ya zare wayata daga gindin fitilarta, layin dama gaba ɗaya ya yi duhu, masu rawa suka yi ihu suna tafi kamar wani sabon wasa aka kawo musu. Ya zare wayar da ta tashi daga fitilarta zuwa gaba, ya ja ni da kafaɗa zuwa wurinta, ya haɗa ni da matar da ke gabanta. Haske ya dawo. Ni aka sa a gefen goɗiya, ni na kai shi ƙofa, kuma har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Sarbati aka bar ta tsaye a tsakiyar titi da matacciyar fitila a ka. Ba wanda ya sauke mata, kayan Lallan ne kuma ba a ajiye su a ƙasa, don haka ta bi bayan kurar janareta, cikin hayaƙin, a wurin da mijinta ya faɗi, har muka isa.

A ƙofa uwar amarya ta fito da tire na fitilar mai da shinkafa, ta zagaya fuskar ango, ta ɗiga masa ja a goshi, ta ja masa hanci mata suna shewa. Sushila ce ta karɓi gaisuwar surukai, duk da cewa in da ita ce uwar da gaske, da tana gida. Aka shige aka bar mu a waje kamar kullum. Na sauke tawa, na je na sauke wa Sarbati. Wuyanta ya ƙi miƙewa, takardar rupin nan tana nan a tsakanin yatsunta. Muka zauna a bakin kwata, aka miƙo mana gurasa da miyar dankali a faranti na ganye. Na kasa ci. Na fara tsine masa, shi da Badri da bokitinsu.

Ta dafa mini gwiwa ta ce, "Bari, Rajjo, ranar aurensa ce." Sannan ta ce, "Kin dai gani ko? Mata nawa ne a layin nan, ga hayaƙi, ga kiɗa, ga mutane. Kallo ɗaya ya yi ya gane ni. In ba ɗan da ka haifa ba wa zai yi wannan?" Ta gutsuri gurasa ta ci, ta ce kwallin da aka sa masa ya yi yawa a idon hagu.

Lallan bai mayar mata da wurinta ba, ya ce mai biki ya yi ƙorafi a kanta. Yanzu can gaba take, kusa da masu busa, inda ake sa sababbi da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ko jelar goɗiya ba a hangowa daga nan. Girdhari bai sake taka lungunmu ba, mun ji an haifa masa ɗa. Duk yarinyar da ta shigo aikin sai Sarbati ta zaunar da ita ta ba ta labarin yadda ɗanta babban ma'aikaci ya gane ta a cikin taro da kallo ɗaya. Yaran sun ji sauran labarin a bakin Lallan, sun sa mata suna. In mota ta tsaya a bakin lungu sai ka ji suna ƙyalƙyala dariya suna kira, "Uwar ango, fito, an zo ɗaukarki." Ita kuma ta fito da gammonta a hannu tana gyara awarwaro, ta ce, "Na'am, ga ni nan."